Mazauna Dubai dan Allah da me kuke kiran gida? Kati ya kusa talauta ni

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a waje, musamman ƴan nan Dubai. Ni aikin lissafin kuɗi nake ma wani ƙaramin kamfani da ke Ingila, a kwamfuta nake yi daga ɗaki, toh da wahalar wuta da kuɗin man janareta suka ishe ni a Kano sai na tattaro na taho nan da bizar nan ta masu aiki daga nesa, ta shekara ɗaya. Zama lafiya lau alhamdulillah, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a magana. Waya ce kawai ta zame min ciwon kai.

Kiran WhatsApp ba ya shiga a nan, saƙo yana tafiya, muryar da ka naɗa ma tana tafiya amma ka danna kira sai ya yi ta juyawa har ka gaji ka kashe. Ita kuma Hajiyarmu tana can ƙauye wajen Gumel, wayarta ƴar ƙarama ce mai madannai da tocila, ba ruwanta da data, kuma in aka kwana biyu ba ta ji murya ta ba sai ta fara aike gidan yayana wai a bincika ko lafiya nake. In na kira ta kai tsaye da layin nan, kafin mu gama gaisuwa ta gama lissafo min wanda ya haihu da wanda ya rasu a garin kati ya ƙare wlh. Da can da Skype nake irin wannan kiran sanda nake zuwa Masar, yanzu kuma an rufe shi.

Ga kuma wajen aiki, wani lokaci sai an kira kwastoma a lambar wayarsa ta Ingila kan maganar biyan kuɗi, in suka ga lambar da ta fara da +971 ba sa ɗauka, sun ɗauka ƴan damfara ne. Sannan layina na gida da banki ke turo min lambar OTP a kai ina tsoron kar a toshe shi. Wanda ya san hanya mai sauƙi wadda kuma ba ta yankewa ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Dan_Kurmi01:

Wslm. Oga sa VPN kawai, manhajar nan mai ɓoye ƙasar da kake, ka huta, kowa haka yake yi. Akwai na kyauta birjik, ka kunna ka zaɓi Jamus ko Ingila shikenan WhatsApp ɗinka ya dawo daidai.

Ummu Hanan:

Wa alaikumus salam Abban Sadiq, sannu da zuwa, mu muna Sharja nan kusa da ku.

Dan Kurmi kai ma dai da saurin ba da fatawa kake. Na farko ma VPN ɗin me zai yi ma Hajiya da ba ta da WhatsApp? Sannan a ƙasar nan ba a wasa da doka. Shi VPN ba a haramta shi gaba ɗaya ba, bankuna da kamfanoni suna aiki da shi, amma dokar laifukan intanet ta 2021 ta ce wanda ya ɓoye adireshinsa na intanet don ya aikata abin da doka ta hana tararsa daga dirhami 500,000 ne har zuwa miliyan 2, ko ma a haɗa da ɗauri. Mutane suna ta gardama ko kiran WhatsApp ya shiga ciki ko bai shiga ba, ni dai nawa ganin, baƙo mai bizar shekara ɗaya ba shi ya kamata ya je gwada zurfin ruwan ba. Balle na kyautan nan, kwamfutar da kake riƙe lissafin kuɗin mutane a kai ita za ka ɗora ma abin da ba ka san mai shi ba?

Abin da yawancinmu muke yi a nan manhajar kira ta Botim ce, shi hukuma ta ba shi lasisi, kira da murya da bidiyo duk yana shiga lafiya a layin kamfanonin wayar nan, Etisalat ko du, ko waifai na gida. Sharaɗin kawai shi ne wanda za ka kira shi ma ya sauke manhajar a wayarsa. Ni abin da na yi, ƙanwata da ke gaban Innarmu na sai ma ƴar Android mai sauƙin kuɗi, duk wata ina tura mata data daga manhajar banki, in lokaci ya yi ta kai ma Inna wayar ta sa a lasifika ta ajiye a kan tabarma, Inna na tsince shinkafa muna hira, jikoki na shigowa suna kwasar gaisuwa, har kukan akuyar maƙwabta ina ji. Kuɗin datar wata guda bai kai abin da kira biyu uku na kai tsaye zai ci maka ba.

Kuma ka lura da lokaci, wannan mutane ba sa kula da shi. Mun riga gida da awa uku. In ka ce sai bayan isha'insu to kai sha ɗaya na dare ta yi maka, kuma lokacin ne kowa ya hau waya sabis ɗin ƙauye ya yi nauyi murya ta dinga kakkatsewa. Tunda da ƴan Ingila kake aiki ai safiyarka a sake take, ƙarfe tara nasu sha biyun rana ce a nan, in sun mai da agogo baya lokacin sanyi ma ɗaya ce. Kira ta wajen goma na safe, can bakwai kenan, ta idar da lazimi ana ɗumame, layi a sarari. Gwada ka gani.

Injiniya_BK:

Malam Abban Sadiq barka. Ni ina Manchester, harkar sadarwa nake. Bari in ɗan yi bayanin dalilin tsadar tukunna don ka san wanda zai yaudare ka in ka gan shi.

Duk kiran da ya taso daga waje zai sauka a layin MTN ko Airtel ko Glo, akwai kuɗin saukewa da kamfanin waje yake biyan na gida a kan kowane minti, hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke yanke mafi ƙarancinsa. A farkon 2022 senti huɗu da rabi ne na dala, daga watan Satumba na 2022 aka mai da shi senti 10. Toh ka ga duk manhajar da za ta kai ka wayar Hajiya ta hanyar gaskiya sai ta fara biyan wannan kafin ta ɗora ribarta. Shi ya sa a manhaja ɗaya za ka ga kiran Amurka ko Indiya kusan kyauta, na Najeriya kuma ya ninka shi sau da yawa, ba wai sun tsane mu bane. In ka ga wani yana tallan Najeriya a senti uku ko huɗu to ta bayan gida yake bi, akwati ne cike da sim na gida suke ajiyewa a wani ɗaki, kiranka ya zo ta intanet su sake buga shi kamar daga cikin gari. Alamarsa ita ce mutumin gida zai ga wata baƙuwar lamba ta 080 ko 070 maimakon taka, murya na zuwa a makare kuna ta cin karo da juna, wani lokaci ma an fara cire maka kuɗi alhali wayar ba ta ko yi ƙara a can ba. Na taɓa gwada irinsu, Baba ya ƙi ɗauka ya ce shi bai san lambar ba, kuma gaskiyarsa.

Skype kam ya tafi tun watan Mayun 2025, Microsoft sun kora kowa Teams. Masu yin irin aikin da yake yi na kiran lambar waya akwai Rebtel, Yolla, Talk360, Viber Out, Boss Revolution. Ni Rebtel na fi riƙewa saboda a nan Ingila yana iya haɗa ka ta lambar cikin gari, wato kiran ta layin waya yake fita ba ta data ba, ko a jirgin ƙasa nake ba ya yankewa. Amma fa wannan a nan ne. Ƙasar da kake tana toshe kiran intanet da ba ta ba lasisi ba, don haka kar ka zuba kuɗi da yawa a kowace, sa mafi ƙanƙanta ka gwada a waifai ka gwada a data. In ba su wuce ba koma kan Etisalat ko du ɗinka, suna sai da mintunan kiran waje a dunƙule wanda ya fi bugawa haka kawai sauƙi, sai dai ka buɗe jerin ƙasashen da idonka ka ga Najeriya a ciki kafin ka biya, ba kowane tsari ke ɗauke da ita ba.

Maganar kwastomomi kuwa ni ban ga dalilin da zai sa ka sa aljihunka ba sam. Aikinsu kake, su ba ka lambar +44 ta kamfani. Mitin na Teams da Zoom suna aiki a can tun lokacin korona a 2020, kuma dukkansu suna da tsarin da ake haɗa ma ma'aikaci lambar ofis ya buga daga kwamfuta, wanda aka kira ya ga lambar Ingila. Rubuta ma ogan naka yau, ka ce masa kwastoma ba sa ɗaukar baƙuwar lamba kuma bashi na kwana a hannunsu, da ka ambaci kuɗinsu za ka ga an motsa. Su sa mai kula musu da kwamfutoci ya gwada da kai daga can kafin ranar da ake buƙata. Ka kuma sayi iyafis mai waya ka jona kwamfutar da kebul in rautar na kusa, rabin abin da ake ɗora ma netwok laifin waifai ne da ya ratso bango biyu.

Bamarade_Ist:

Salama alekum ƴan uwa. Ni ɗan Maraɗi ne ina Istanbul, ina ma wasu ƴan kasuwa aikin fassara da odar kaya ta intanet. Ku ƴan Najeriya ku gode Allah wallahi, ku duba farashin +227 a cikin waɗannan manhajojin da Injiniya ya lissafo ku ga abin mamaki, namu ya fi naku zafi. Mu nan WhatsApp yana yi ba matsala, amma in rezo, wato sabis, ɗin can ya yi rauni sai mu koma saƙon murya, tsohuwa ta yi nata na minti biyar yaro ya turo, in saurara in maida, kuma tana sa a sake kunna mata shi har sau nawa in kewa ta taso. Kira kai tsaye na bar shi sai ta kama, rashin lafiya ko rasuwa ko ranar salla.

Abu guda da zan ƙara ma duk mai niyyar zuwa Turkiyya da aiki, salular da ka shigo da ita daga waje kwana 120 gare ta, bayan nan in ba ka yi mata rajista ka biya haraji ba sim ɗin ƙasar ya daina aiki a kanta, harajin kuma ya isa ka sai wata sabuwa. Waifai dai zai ci gaba da yi. Da yawa sai ranar da layi ya ɗauke suke jin labari.

Abban_Sadiq:

Kai Allah ya biya ku, na ƙaru sosai. Injiniya wlh abin da ka faɗa na baƙuwar lamba ya faru da ni a wata manhaja da wani abokina ya nuna min, Hajiya ta ce wani yaro ya yi ta kiranta da lambar gida yana kwaikwayon muryata ta kashe. Na tura ma oga saƙo yanzu.

Anti Ummu Hanan matsalar ita ce Hajiya ba ta son wayar shafa ko kaɗan, kuma ba ta son a tsaya mata a ka in tana magana da ni, akwai zancen da ba ta yi a gaban jikoki. Amma zan gwada da ɗan yayana, ya haɗa ya ba ta ya fita. Saura maganar layin banki ba wanda ya taɓa min.

Injiniya_BK:

Layin gida kar ka cire shi daga waya. In wayarka mai sim biyu ce bar shi a ciki ka tabbata an buɗe masa romin, wato ya yi aiki a ƙasar waje, amma ka shiga saiti ka kashe masa data gaba ɗaya, nan ne kuɗi ke zurarewa ba ka sani ba. Saƙon banki zai dinga shigowa a haka. Kiran da ya shigo ta kansa kuma kar ka ɗauka, a romin mai ɗauka ma ana cajinsa, duba lambar ka bi mutum ta wata hanyar.

Abin da ke kashe layi zama ne ba motsi. A ƙa'idar NCC in ya yi wata shida ba a yi komai na kuɗi da shi ba kamfani na iya dakatar da shi, in aka ci gaba a haka su sake sai da lambar ma wani, kuma ka san lambar nan ita ke manne da BVN ɗinka. Don haka duk wata ka sa masa ko ɗari biyu ne daga manhajar banki ka tura saƙo guda ɗaya daga kansa, ka sa ƙararrawar tuni a waya ranar da albashi ke shiga. MTN ma suna da tsarin da ake biya su riƙe maka lamba na shekara ko fiye in ka san za ka daɗe. Ka kuma tabbatar NIN ɗinka a haɗe yake da layin kuma sunan da ke kai naka ne ba na wanda ya sai maka a kasuwar waya ta Farm Centre ba, don in aka toshe kana waje gyaran sai ka zo da kanka an ɗau hoton yatsa. Sim na eSIM, wanda ake saukewa a waya ba kati, irin su Airalo da matafiya ke saye kuma yawancinsu data ce zalla ba lamba, ba za su karɓar maka OTP ba.

Ummu Hanan:

Hahaha Hajiya ta yi daidai, sirrin uwa da ɗa ai ba na jikoki bane. Toh ka haɗa biyun mana, hirar yau da gobe a Botim yaro ya haɗa ya ba ta waje, ka kuma ajiye ƴan mintunan du ko Etisalat saboda ranar da take son magana a ƴar wayarta ita kaɗai. Koya mata ta yi maka filashin a layin gidan in tana nemanka, tunda yana kunne za ka gani, sai kai ka kira. Ka gaishe ta da kyau.