Daidaita jerin kuɗi a shafin bugu: gogewar masu aikin ɗab'i a Kumasi

Mai tsara shafi a Asafo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamitin wani masallaci a Aboabo ya kawo mini jerin gudummawar gini, sunaye a hagu, kuɗi a dama, kuma sakatarensu ya shirya shi ne a Word yana ta danna maɓallin tazara har adadin ya kai inda idonsa ya gamsu. Da takarda ta fito daga inji, sai ga 1,150.00 ya koma ciki, 85.50 ya leƙo waje, babu ɗigon pesewa (ɗigon da ke raba sidi, kuɗin Ghana, da pesewa, wato ƙananan kuɗinsa) guda da ya zauna ƙarƙashin ɗan'uwansa. A lissafin kuɗin jama'a wannan ba abin wasa ba ne, domin dattijon da ke bin layi da yatsa yana tarawa zai iya ɗaukar ɗari a matsayin dubu, zargi kuwa ya sauka kan ma'aji. Ina son kowa ya faɗi yadda yake yi.

Dattijo da ya fara da tafireta: Wa alaikumus salam, ɗana. Sakataren nan hannunsa na zamaninmu ne. A tafireta kowane harafi da kowace tazara faɗinsu ɗaya, shi ya sa ƙirga tazara take aiki, kuma har gobe tana aiki a salon rubutu na Courier. Amma a Times New Roman da Arial harafin m ya fi i faɗi nesa ba kusa ba, tazara kuwa rabin faɗin lamba ce kawai, saboda haka duk suna yana ƙarewa a wurinsa dabam, abin da ke bayansa kuma dole ya goce. Na ga matsalar ta ƙaru bayan sauyin kuɗi na 2007, lokacin da tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, domin daga nan ne pesewa ta dawo cikin kowane rasit.

Malama mai shirya takardun makaranta a Asawase: Baba ya faɗi asalin ciwon. Ni a jadawalin kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa tab na ɗigo, wato alamar da ke jera lambobi a kan ɗigonsu, nake sakawa a kan ma'aunin da ke saman shafi a Word, in danna maɓallin Tab sau ɗaya bayan suna, sai adadin ya rataya a jikin ɗigonsa komai tsawonsa. InDesign, manhajar tsara shafi, ma yana da irinsa, har yana ba mutum damar zaɓar alamar da za a daidaita a kanta. Idan duk adadin yana da lambobi biyu bayan ɗigo, jingina su dama a cikin tebur ya wadatar, amma da zarar an haɗa 40 da 40.5 da 40.25 a jeri ɗaya, sai tab na ɗigo.

Mai buga katin biki da kalanda: Yaya, akwai inda tab ma ba ya ceto. Na yi wa wata ƙungiyar adashi littafin shekara da salon rubutu na Georgia saboda kyansa, ɗigo ya daidaita, amma lambobin suna hawa suna sauka, 1 siriri, 8 mai ƙiba, don haka gidan dubbai bai tsaya a layi ba. Irin waɗannan lambobi an yi su ne domin tsakiyar rubutun zance, ba jerin lissafi ba. Wasu salon rubutu na OpenType (wani nau'in fayil na salon rubutu) suna ɗauke da lambobi masu faɗi ɗaya a ɓoye, kuma tun daga Word 2010 ana kunna su a saitin Font, sashen Advanced, a zaɓi Tabular. Salon da ba shi da su, a ganina, a bar shi ga kanun shafi.

Mai tsara shafi a Asafo: Na gode ƙwarai. Na bi shawarar Malama, jerin ya miƙe. Abu ɗaya na ƙara lura da shi: salon da ba shi da alamar sidi ₵ ko haruffan ɓ, ɗ da ƙ yakan sa kwamfuta ta aro su daga wani salon, su fito da wani faɗi da wata siffa. Don haka na cire alamar daga kowane layi, na rubuta GH₵ sau ɗaya a kan jerin, sannan na mayar da fayil ɗin PDF kafin a kai shi inji.