Ƙurar hunturu da fentin mota: ya kuke wanke taku ba ta karce ba?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Gezawa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni riƙe mota. Bara da kaka na sayi Corolla baƙa, fentinta kamar madubi. Da hunturu ya shigo, kullum da safe sai mu tarar da ita fari fat da ƙura, ni kuma in sa ƙanena ya ɗauki tsohuwar singileti ya goge ta kafin in fita. Ranar Juma'ar nan na ajiye ta a rana a bakin masallaci, ina fitowa na ga bonet ɗin duk ƙananan zane ne, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Wallahi raina ya ɓaci. Ga shi ruwa a wurinmu sai an saya hannun 'yan garuwa. Ku ya kuke yi?

Tsohon direba, Gumel:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka ga laifin yaron, singiletin ce ta yi maka wannan aikin. Gobe da safe ka lakaci ƙurar da yatsa biyu ka murza, za ka ji rairayi a ciki. To idan ka ɗora busasshen tsumma a kai ka ja, da yashi kake cuɗa motar. Na daɗe ina kai 'yan kasuwa Maigatari ranar Alhamis, hanyar da babu ranar da ba ka dawowa buɗu-buɗu, kuma ubangidana na farko abu ɗaya ya hana ni: taɓa jikin mota da tsumma kafin ruwa ya taɓa ta. Ran da babu ruwa, gilashi da fitila kawai nake wankewa da buta ɗaya, sauran jikin in bar shi da ƙurarsa.

Malamar makaranta, Ringim:

Baba ya yi gaskiya. Ƙurar nan da ke sauka mana daga wajen Nuwamba har zuwa Maris daga Sahara iska ke kwaso ta, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma akwai ɓarɓashin yashi a ciki wanda ya fi fentin tauri. Ni jarka ɗaya mai lita 25 take isa ta, ga yadda nake raba ta. Da farko buta biyu ko uku nake kwararawa daga rufi, ruwan ya gangaro da ƙura da kansa, hannuna bai taɓa ba. Sai bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwan zalla. Duk shafa ɗaya sai na ɗauraye tawul ɗin a na zallan kafin ya koma kumfa. Ranar da na fara yin haka, da na gama na leƙa gindin bokitin ɗaurayar, yashi ne kwance ja wur, ya kai cikin cokali. A da duk wannan jikin motar yake komawa.

Abin da na koya da wahala shi ne lokaci. Na taɓa wankewa da azahar da ruwan burtsatse, kafin in zagayo ɗaya gefen ya bushe ya bar fararen ɗige-ɗige waɗanda suka ƙi fita. Yanzu bayan asuba nake yi ko dab da magariba, ƙarfen ya huce.

Mai wankin mota, Wudil:

Ni sana'ata ke nan, bari in faɗi namu laifin. Yawancinmu soson buhu muke sawa saboda yana fitar da datti da sauri, kuma soson da ya wanke taya shi ne zai hau ƙofa. Ranar Juma'a da kasuwa ke ci, motoci layi, kowa na cewa yi sauri, tsumma ya faɗi ƙasa ka kakkaɓe ka ci gaba. Yallabai, idan za ka kai wanki ka tafi da tawul ɗinka mai laushi, irin maikurofaiba da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ka ce a fara daga sama, taya da ƙasan ƙofa su zo ƙarshe da nasu tsumman daban. Mai wankin kirki ba zai ji haushi ba. Ruwan kogi kuma in an ɗebo a bar shi ya kwanta tukuna, a tsiyaye na sama.

Direban Sharon, Ɗambatta:

Ni fa ban yarda da wasu abubuwan ba. Shekaru nake wanke tawa da garin sabulun wankin kaya, ban ga abin da ya same ta ba. Sabulun mota na kwalba kuɗi ne, mu da muke neman na cefane.

Mai fenti, ɗan Kazaure da ke aiki a Kano:

Yayana na Ɗambatta, ina kyautata zaton motarka fara ce ko ruwan azurfa. Su suna ɓoye karce, baƙa da shuɗiya mai duhu kuwa ba sa rufa asiri. Ka haska tocila a jikin ƙofarka da dare ka gani. Garin sabulu yana wanke folish ɗin da ke kare fenti, kuma ƙwayoyin da ba su narke ba suna gurzar jiki. In dole shi za ka sa, ka narkar da ɗan kaɗan sosai a wani kofi tukuna. Na kwalbar kuma murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, yana daɗewa.

Ga mai tambaya: a saman launin motarka akwai wani siririn rufi mai sheƙi wanda bai fi kaurin silin gashi ba, a kansa zanen nan yake. Ka ja farcenka a hankali a kan zanen. In bai maƙale ba, folish zai fitar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, sai an taɓa da fenti. Amma kada ka maida folish na inji abin yi kowane wata, domin kowane yi yana cin rufin nan ne kaɗan-kaɗan.

Wani abu da yake kawo mana motocin ƙauye da yawa shi ne inuwa. Mutum ya ajiye ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, tsuntsaye da jemagu su yi kashi, rana ta gasa shi, sai ya zo ya kankare da farce ko murfin kwalba. Jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a kai na 'yan mintuna, ya yi laushi, a ɗauke shi ba tare da gogawa ba. In ya kwana biyu yana cin fentin ya bar tabo.

Malamar makaranta, Ringim:

A ƙara da awaki. Tawa kofaton akuya ne ya fara zana mata bonet, ta hau tana miƙa wuya ga ganyen darbejiya. Da yara masu rubuta suna da yatsa a kan ƙura, shi ma yana barin sawu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na murza ƙurar kamar yadda ka ce, na ji yashin da yatsana, na kira ƙanen nawa shi ma ya ji. Na gwada farce a bonet, bai maƙale ba sai wuri ɗaya kusa da fitilar hagu. Singiletin ta koma goge taya. Saura tambaya ɗaya: ina tunanin sayen rigar mota saboda awaki da ƙura, amma wani maƙwabcina ya ce in an lulluɓa ta a kan ƙura iska na kaɗa ta, ita ma tana gurzar fenti. Akwai wanda ya yi hunturu guda da ita?