Baƙin Dutsen Inugu da Dogon da Ya Ɗauke Shi

Ɗan Reluwe, Kaduna:
Assalamu alaikum. Jiya na bi ta Kafanchan, na ga wani tsohon kan jirgi ya yi tsatsa, ciyawa ta fito masa ta taga. Mahaifina irinsa ya yi ta zuba wa kwal har ya yi furfura. Ga ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Wanda zai karɓa kada ya karya min shi.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Ta baƙin dutsen da ke ƙonewa.

Ba gawayin ƙirya na maƙera ba,
Wannan ba ya saurin mutuwa.

Kwance yake ƙarƙashin tudun Udi,
Ƙasar Ibo, bai damu da kowa.

Bature Kitson ya zo da awonsa,
A 1909 ya kai ga ganowa.

Shekara shida aka sa masa diga,
Inugu ta tashi ana ta haƙawa.

Baba ya ce ko a Kano ka ji jiniya,
Wutar Inugu ce take busawa.

Taragon gyaɗa, taragon fata,
Shi ke jan su har bakin ruwa.

Malam Mai Alli, Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Waƙa ta yi daɗi, amma da saura. Tashar ruwa ta Fatakwal ma ai don kwal ɗin nan aka gina ta, kuma a 1913 Lugga ya laƙaba mata sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mallaka a Landan. Karɓi naka:

Ƙanena ka yabi kaya ka bar jaki,
Kwal ba shi da ƙafar takawa.

Daga Fatakwal aka jawo ƙarfe,
Mil 151 ana shimfiɗawa.

Ta Aba, ta Umuahiya, cikin kurmi,
A 1916 aka kai ga gamawa.

Da farko ta teku kwal ke zagaye,
Ya sauka Ikko, a yi ta lodawa.

Sannan dogo ya miƙe Makurɗi,
Binuwai ta ce babu wucewa.

Jirgin ruwa ke goya jirgin ƙasa,
Ya kai shi gaɓa, ya koma ɗaukowa.

A 1927 ya shiga Jos,
Kuza ta sami sabuwar hanyar ficewa.

Sai 1932 gada ta tsaya,
Aka huta da jiran ƙetarewa.

Ka duba taswira ka ga bakin layin,
Duk inda ya faro, teku yake zuwa.

Gwaggon Kafanchan:
Malam, da kai da ɗana, kun ƙidaya mil kun ƙidaya shekara, ban ji kun ƙidaya mutane ba. Ni ban iya awon baiti kamar ku ba, amma ku saurara. Ranar da nake nufi ita ce 18 ga Nuwamba, 1949, a ramin kwal na Kwarin Iva, a Inugu.

Ku dakata da yabon ƙarfe,
Akwai waɗanda ba ku ambatawa.

Wa ya shiga ramin nan da rarrafe,
Fitila a hannu, ruwa har gwiwa?

Onyeama na Eke ya tara samari,
Ya miƙa wa Bature, ba sa musawa.

Kakanninmu sun sha aikin diga,
Tilas ɗaya ce, Kudu ko Arewa.

Suka ce a biya mu kuɗin guminmu,
Suka ja ƙafa, aiki na rarrafawa.

Aka ce an kore ku, suka ce a'a,
Suka zauna a rami babu fitowa.

Aka turo 'yan sanda kwasar nakiya,
Wai kar ta faɗa hannun masu tayarwa.

Bature Philip ya ce a buɗe wuta,
Kan mutanen da ke waƙa da rawa.

Ba bindiga, ba kibiya a hannunsu,
Sai ƙurar kwal da gumi ke wankewa.

Mutum 21 ba su koma gida ba,
Wasu 51 da rauni ake ɗaukowa.

Aka kafa kwamitin Fitzgerald,
Mai takaba ba ta ga mijinta na dawowa.

Ɗan Reluwe, Kaduna:
Gwaggo, na karɓi gyara. Allah Ya ƙara girma.

Gwaggo kin ɗaure ni da jijiyata,
Ba ni da bakin da zai yi musawa.

Shebur ɗin Baba ya ɗebi kwal ɗin,
Bai ga hannun da ke sarowa.

Auta, Kano:
Iyayena, a yi min afuwa in sa baki. Malam ya ce duk layin teku ya nufa, to amma mutane ma sun hau. Magajin garin Inugu na farko ai namu ne, Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, kuma mutanen garin ne suka zaɓe shi a shekarun 1950.

Dogon da ya kawo mana kwal Kaduna,
Shi ya kai musu shanu da albasa.

Malam Mai Alli, Zariya:
Auta, maganarka gaskiya ce, baitinka ne gurgu. Tun yaushe albasa ta ƙare da "wa"? Da ka ce "shanu da daddawa" da ka tsira. Je ka sake shiri. Ni bari in kai dutsen makwancinsa. An kafa Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950, kuma wajen 1959 abin da ake haƙowa a shekara ya kai kimanin tan 900,000. Daga nan sai gangara.

Oji ta ci kwal ta ba da lantarki,
Nkalagu ta ci, siminti na fitowa.

Amma babban mai saye reluwe ce,
Ita ce ta fara yin juyawa.

A 1956 man fetur ya tsatso a Oloibiri,
Baƙin ruwa ya zo yana ta yauƙawa.

Kan jirgi mai dizal ya shigo tasha,
Ba ya neman shebur ko hurawa.

Yaƙin basasa ya zo a 1967,
Aka bar ramuka ruwa na cikawa.

Da aka dawo aka yi ta famfo,
Kasuwar ta watse, ba mai tayawa.

Gwaggon Kafanchan:
Malam, ka ce ba mai tayawa, ka tuna min da tasharmu.

Da jirgi ya tsaya mu fito da tire,
Doya da ƙosai, ana ta sayewa.

Hayaƙi ya ɓata mana shanya,
Mu zage shi, gobe mu fito taryewa.

Ɗan Reluwe, Kaduna:
Gwaggo, kin sa na buɗe adakar Baba da daren nan.

Ga hularsa, ga katin fansho,
Ga guntun kwal a tsumma yana ɗaurewa.

Jikansa ya ɗauka ya ce kwalli ne,
Ya kai wa Inna ta yi shafawa.