Iyaye na ƙin a ɗibi ruwan bayan yaro, ina mafita?

Assalamu alaikum ’yan’uwa ma’aikatan lafiya na Marwa da Garwa a Kamaru. Lokacin sanƙarau ya kama, iyaye kuma sun kafe, wai ɗibar ruwan baya da allura, da ake yi don gwajin cutar, tana gurguntarwa ko ta kashe.

Ana yi musu bayani: allurar tana shiga tsakanin ƙashi L4 da L5 na gadon baya, wajen ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, mililita 1 zuwa 3 kawai ake ɗiba, jiki kuma yana mayar da shi cikin sa’o’i. Amma yaron da aka kawo a makare in ya rasu, allura ake ɗora wa laifi.

Ba a jinkirta ceftriaxone, maganin kashe ƙwayar cutar, don jiran ɗibar ruwan, sai dai bayan an ba da shi ƙwayar cutar takan ƙi tsirowa a gwaji. Uwa kuwa ba ta amincewa sai maigida ya zo. Don Allah, wane bayani ne ya karɓu a wurinku? Shigar limamai da lawanai tana taimakawa?