Yaya ake auna direban da motarsa ba ta kai ta cin tsere ba? Misalin Hülkenberg

Sabon Mai Kallo:
Assalamu alaikum jama'a. Na duba tarihin Nico Hülkenberg na Jamus a gasar tseren motoci ta Formula 1, na ga ya fara tun 2010, amma sai a tserensa na 239 ya shiga ukun farko, a Silverstone ta Ingila, ranar 6 ga Yuli 2025. Kuma duk da haka masana suna yabonsa. To da me ake auna irin wannan direba, tunda kofi babu?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da lissafin maki. Tun 2010 goma na farko kaɗai ke samu: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. Kowane kamfani motoci biyu yake sakawa. Idan manyan kamfanoni uku suka kammala lafiya, sun kwashe gurbi shida, mai motar tsakiya, wato ta matsakaicin kamfani, na bakwai ne iyakarsa, maki 6 ke nan, ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Shi ya sa ake kwatanta shi da abokin aikinsa, don shi kaɗai ke tuƙa mota irin tasa. A 2014 a Force India, Hülkenberg ya tara maki 96, Sergio Pérez 59. A 2018 a Renault ya samu 69, Carlos Sainz 53, ya ƙare na bakwai a gasar, wato direbobin Mercedes da Ferrari da Red Bull ne kawai a gabansa. Sai ka duba zagayen tantancewa na ranar Asabar, inda gudun kowa ke nuna gurbin da zai tashi a tseren. A Birazil a 2010, cikin Williams, hanya na bushewa bayan ruwa, ya sa taya marar zane, ta busasshiyar hanya, ya karɓi gurbin farko da tazarar sama da daƙiƙa ɗaya a kan Sebastian Vettel na Red Bull. Shekarar da ta biyo Williams ta ba da kujerarsa ga Pastor Maldonado, wanda ya zo da kuɗin kamfanin man Benezuwela. Wannan ba ya fitowa a teburin maki.

Mai Agogon Tsere:
Malam Bakanike, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Pérez ɗin nan, a mota iri ɗaya, ya shiga ukun farko sau huɗu: Baharen 2014, Rasha 2015, Monako da Baku 2016. Ya kuma fi Hülkenberg maki a 2015 da 2016, 78 da 58, sannan 101 da 72. Dalili sananne ne: Pérez ya iya lallaɓa tayar baya ta yi nisa, sai ya rage tsayawa ɗaya, kuma kowace tsayawa tana cin daƙiƙa ashirin da wani abu.

Motar tsakiya ba ta samun dama sai sau ɗaya ko biyu a shekara, ranar da ruwa ya sauka ko manya suka yi karo. A irin ranakun nan ne Hülkenberg ya yi ɓarin nasa. Birazil 2012 ya ja gaba na tsawon lokaci, motar tsaro, mai tilasta wa kowa rage gudu, ta shigo ta cinye tazararsa, daga baya ya zame a kwanar farko ya bugi motar Lewis Hamilton, aka hukunta shi, ya ƙare na biyar. Hockenheim ta Jamus 2019 yana na huɗu a gaban mutanen ƙasarsa, ya fita kan jiƙaƙƙen kwalta mai santsi ya daki shinge. Waɗannan ba laifin mota ba ne, dole a rubuta masa su.

Bakanike:
Na amince, Yallaɓai. Sai dai a raba fita saboda kuskure da fita saboda inji, domin teburi harafi ɗaya yake sa musu. A Silverstone a 2020, da Racing Point ta kira shi ya maye gurbin Pérez mai fama da korona, ƙusar kuloci ce ta karye, motar ko tashi ba ta yi ba. Mako guda bayan haka, a wannan hanyar dai, ya zo na uku a tantancewa, alhali ya yi wata takwas bai yi tsere ba.

Kuma duba abin da ya yi a wajen Formula 1: zakaran GP2, gasar da ke ƙasa da Formula 1 a lokacin, a 2009 a shekararsa ta farko, sannan ya lashe tseren Le Mans na awa 24 a Faransa a 2015 cikin Porsche 919, tare da Nick Tandy da Earl Bamber. Da aka ba shi motar cin tsere, ya ci.

Mai Agogon Tsere:
Ga mai tambaya, ka nemi tseren 2025 ɗin ka kalla daga farko. Daga na 19 Hülkenberg ya tashi cikin motar Sauber. Ya shiga ya sa sababbin tayoyin ruwa dab da ruwan ya ƙaru, ya wuce Lance Stroll, ya koma taya marar zane da hanya ta bushe, Hamilton na bin sa da Ferrari bai kama shi ba. Kafin wannan rana, rabon Sauber da ukun farko tun direbanta Kamui Kobayashi a Japan, 2012.