Tayar keke mai gudu marar tif: abin da masu hawa a Maradi suka ce

Masu tuƙa keken gudu a hanyar Madarunfa da ta Tibiri sun yi zama kan taya marar tif, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa ƙayar tsidau da ta bagaruwa ce ke kai mutum ga wannan taya. Ruwan liƙin da ke ciki yana toshe ƙananan huda tun kana tafe.

Wajen maganar ɗaura tayar aka fi daɗewa. A goge rim tas, a naɗe shi da salatif ɗin da aka yi don haka, ba na lantarki ba, a huda wurin bawul kaɗan kawai. A shafa ruwan sabulu a gefen taya, a cire zuciyar bawul (ɗan ƙarfen da ke cikinsa mai tare iska), sannan a buga iska da ƙarfi. Famfon hannu sau da yawa ba ya iya zaunar da ita, sai injin mai faci, har ka ji ta yi "tas!". Ruwan liƙi mililita 40 zuwa 60 ya isa. Rim marar ƙugiya kuwa, wato wanda bakinsa bai lanƙwasa ciki don kama gefen taya ba, kada iska ta wuce bar 5 a ma'aunin iska.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne zafi. A watan Afrilu ruwan nan na bushewa da wuri, don haka a riƙa girgiza ƙafar keken kowane wata, in ba a ji motsinsa ba a ƙara.

Huda babba sai a cusa mata zaren roba. Amma kowa ya yarda a riƙe tif a aljihu, a tsince ƙayoyin cikin taya kafin a saka shi.