Shanun da suka kamu da sammore za su iya jawo wa mutane ciwon barci?

Ɗan Makiyayi: Assalamu alaikum. Shanun mahaifinmu sun ci rani a wani kurmi na bakin kogi a kudancin Kaduna, suka dawo a rame, gashi a tsaye, idanu na zubar da hawaye, wasu har suna lasar ƙasa. An ce mana sammore ne, kuma ƙudan tsando ne ya sa musu. Damuwata ita ce ƙannena da ke tatsarsu kullum, ko za su iya ɗaukar ciwon barci daga jikinsu.

Malamin Dabbobi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba su lafiya. Ka kwantar da hankalinka, domin ƙwayoyin da suka fi kawo sammore a ƙasarmu, wato vivax da congolense, ba sa rayuwa a jinin ɗan Adam. Ciwon barci kuma ba ta tatsa ko shan nono ake ɗaukarsa ba, sai ƙudan ya ciji mai ɗauke da ƙwayar sannan ya ciji wani. Ku nemi ƙwararre ya auna maganin daidai nauyin kowace dabba, saboda allurar da ake yi da ka ita ce ke sa ƙwayar ta daina jin magani.

Ma'aikaciyar Lafiya: Gaskiya ne Malam, sai dai tambayarsa tana da tushe. A gabashin Afirka, nau'in ƙwayar ciwon barci da ake kira rhodesiense yana zama a jinin saniya ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. A Yuganda, shanun da aka sayo daga kudu maso gabashin ƙasar su ne suka kai cutar gundumar Soroti a 1998, inda ta ɓulla a kewayen kasuwar shanu, har a 2006 aka shiga yi wa garkuna allura da feshi don a kare mutane. Namu na yammaci, gambiense, mutum ne babban maɓoyarsa, ko da yake an gano shi a jinin aladu a Fontem ta Kamaru, abin da ya sa masana ba su saki jiki ba duk da raguwar masu kamuwa.

Ɗan Makiyayi: Na gode ƙwarai. Ashe ƙanena da ya bi su kurmin shi ne abin dubawa.

Ma'aikaciyar Lafiya: Shi ne kuwa. In ka ga zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ko kaluluwa a bayan wuya, ko yawan barci da rana, ku kai shi asibiti, ku kuma faɗa wa likita inda ya yi kiwo.